Baba Jibo da Takardar Baiwar Allah

Duk wanda ya taɓa hawa bayan mashin ɗin Baba Jibo ya san ba a wuce jami'in hanya. Ko jami'in ya ɗaga hannu ya ce a tafi, ko yana can gindin bishiya yana shan rake bai ma ga masu wucewa ba, Baba sai ya taka birki, ya sauka, ya kafe mashin, ya zaro jakar nan tasa daga cikin babbar riga. Ku mutanen Ƙofar Wambai kun san jakar, baƙa ta fata, bakinta ɗaure da robar tayar keke. Sai ya yi sallama, ya shiga miƙa takardu ɗaya bayan ɗaya. In jami'i ya ce, "Baba, ai mun san ka, wuce abinka," sai ya ce, "Ka san ni, amma ba ka san ko lasin ɗina ya mutu jiya ba. Duba dai, don wannan aka ajiye ka a rana."

Ni ce babbar jikarsa, shi ya sa yake ce mini Uwargida, kuma ni na fi kowa shan wannan tsayuwa. Ranar da zan fara aikin koyarwa shi ya ce zai kai ni, don a ganinsa hawa acaɓa alhali da mashin a gida almubazzaranci ne. Shinge uku muka tarar a hanya, uku muka tsaya. Kafin in isa har an tashi daga taron safe an shiga aji. Da na yi ƙorafi sai ya ce gara in makara a kan mashin da aka duba da in isa da wuri a kan wanda ba a san asalinsa ba. Na yi kwana uku ina fushi ban je gaishe shi ba, bai ma lura ba.

Ba haka kawai ya tashi da wannan hali ba. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana riƙe da sito a ma'aikatar gona, ya fita ba a taɓa neman ko ƙusa an rasa ba. Abu biyu yake taƙama da su a duniya. Na farko, komai bai taɓa fita daga hannunsa ba sai da sa hannu. Na biyu, hukuma ba ta taɓa riƙe masa riga ba. Karin maganarsa kuwa, wadda shi ya ƙirƙiro abarsa, ita ce abin da ba shi da takarda maraya ne. A cikin jakar nan akwai lasin keken da aka sace tun kafin a haifi mahaifiyata, akwai rasit na rediyon da ya daɗe da mutuwa, har da katin rigakafin wata akuya da muka cinye tuntuni. Dada, kakarmu, takan ce da ita ma an ba shi rasit ranar ɗaurin aure, da tana cikin jakar. Shi kuma sai ya ce, "Wa ya ce miki ba ki ciki?"

To, irin wannan mutum ne Allah ya haɗa da abin hawan da ba shi da takarda.

Bayan ya yi ritaya ya koma gonarsa ta Miri gadan-gadan. Da gwiwa ta fara ƙi, shanun huɗa kuma sai an bi layi, sai ya sayo injin huɗa a gwanjo, irin ɗan ƙaramin nan mai taya biyu da dogayen hannuwa, wanda mutum ke riƙewa yana binsa a baya kamar garmar shanu. Bin bayan ne bai yi wa Baba ba, ga kuma wahalar kai shi gona da dawo da shi. Ya kai wa mai walda, aka ƙera amalanke mai taya biyu aka ƙulla a bayan injin, aka dasa kujerar wata matacciyar fijo a gaba. Sai ga Baba zaune daram, hannu a kan maƙallai, abu na tafiya da kansa. Gudunta dai, mai tallan goro da ƙafa yakan wuce ta har ya waiwayo ya gaishe shi. Ƙararta kuwa, tana fitowa daga lungu kajin unguwa ke watsewa. Da maƙwabta suka tambaye shi sunan wannan abu, ya ce shi ma bai san danginta ba, Baiwar Allah ce. Sunan ya bi ta.

Wallahi da ya yi shiru ya kama hanyarsa, ba mai tsayar da shi. Wa zai ɓata lokacinsa a kan tsoho da injin huɗa? Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ranar farko da ya hau titi da ita, yana isa shingen da ke bakin gari a hanyar Miri ya kashe inji ya sauko. Wanda ya tarar shi ne Oga Bitrus, wani dogo mai sanyin hali, mutumin kudancin jiha, wanda ya sha duba takardun mashin ɗin Baba har ya haddace lambar. Baba ya miƙa masa rasit na gwanjo da rasit na mai walda, ya ce a faɗa masa takardar da ta rage.

Oga Bitrus ya zagaya ta sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta.

"Baba, wannan mota ne?"

"Kai ne ma'aikaci. Ni tambaya na zo yi."

"Taya huɗu dai, kamar mota. Amma babu sitiyari. Hannu kamar na mashin. To, mashin kuma ba ya jan garma."

Ya sosa ƙeya, ya ce Baba ya wuce kawai, shi bai ga komai ba. Baba ya ce ba zai yarda ma'aikacin gwamnati ya makance saboda shi ba. Don ya rabu da shi, Oga Bitrus ya ce ya je ofishin lamba, su ke da littafin da aka jera kowane irin abin hawa. Da haka allura ta tono garma.

A wurin Baba, duk mai karɓar albashin gwamnati ya san ƙofar kowane ofis. Hutun makaranta na wannan shekarar a bin ofisoshi na ƙarar da shi, ina biye da shi ina riƙe masa jaka. A ofishin lamba wata mata mai kirki ta ɗauko fom ta karanta mana gidajen da ke ciki: mota, babbar mota, mashin, keke mai taya uku, tarakta. Da ta zo kan tarakta Baba ya gyara zama. Sai ta nemi lambar jikin abin hawan. Aka ce inji yana da lamba, amma amalanken a shagon mai walda aka haife ta. Ta ce to ai wannan kayan noma ne, mu je wurin masu noma.

Ma'aikatar gona kuwa gidansa ne. Yaran da ya koya wa aiki sun zama manya, suka tare shi da shayi da ranka ya daɗe. Suka ce su a saninsu injin huɗa ne, amma tunda ya dasa mata kujera ya hau titi da ita, ta fita daga hannunsu, mu koma ofishin lamba. Muka koma, aka sake turo mu. Daga nan Baba ya ce a gwada ƙungiyoyi. Masu keke mai taya uku suka ce tayarta ta yi yawa da ɗaya. 'Yan acaɓa suka ce ta yi yawa da biyu. Direbobin a-kori-kura ba su ma ba da amsa ba, dariya ta hana su. Ta zama jemage, ita ba tsuntsu ba, ita ba dabba ba.

Rannan muna fitowa daga wani ofis wani mutum ya matso ya raɗa wa Baba cewa yana da lambar wani mashin da ya ƙone, in an ba shi na goro sai a liƙa wa abin, magana ta ƙare. Baba ya saurare shi tsaf, ya zaro biro da takarda, ya ce, "Madalla. Yaya sunanka, kuma a wane ofis kake?" Kafin in ɗaga kai mutumin ya yi layar zana.

Da ya ga ba wanda zai faɗa masa dokar da ta hau kansa, sai ya yanke shawarar ya bi dukkansu gaba ɗaya. In mashin ce, ga hular kwano, ya ɗora ta a kan hularsa ta zanna. In mota ce, ga bel, ya sa aka ɗinka masa a jikin kujera. Ya sayo gwangwanin kashe gobara, da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa in mota ta lalace. Ya ɗaura madubi biyu da ƙararrawar keke. A jelar amalanke ya rataya jan ƙyalle, irin na manyan motoci masu dogon kaya. A gurbin lamba kuma ya sa mai fenti ya rubuta da manyan baƙi: BA TA DA LAMBA TUKUNA. Dada ta tsaya bakin zaure tana kallonsa, ta ce ita dai ba ta ga amfanin hular kwano a kan abin da kaza ke tsere wa ba.

"In na faɗo fa?" in ji Baba.

"In ka faɗo ai sai ka karkaɗe riga ka bi ta ka hau."

Haka ya yi ta zirga-zirga tsakanin Ƙofar Wambai da Miri har rani ya fita, kullum yana tsayawa wurin Oga Bitrus ya ji ko littafi ya canja. Sai farkon damina, ruwa ya zauna, kowa na rububin huɗa, aka fito da sababbin jami'ai kamen abin hawa marasa lamba. Oga Bitrus yana hutu. Wani matashi, kakinsa ko karin guga bai baje ba, ya karanta rubutun da ke bayan amalanke, ya ce Baba ya san laifi ne hawa titi ba lamba? Baba ya ce ya sani, ai shi ya sa aka rubuta. Matashin ya ce to an kama ta.

Kamun ya zo da tasa matsalar, don duk cikinsu ba wanda ya iya ko tayar da ita. Ƙarshe Baba da kansa ya tuƙa ta zuwa inda za a tsare ta, jami'in yana zaune a amalanke a kan buhun taki. Kuma bai tayar da inji ba sai da ya sa jami'in ya ɗora hular kwano ta biyu, wadda ya tanada domin fasinja. Haka suka ratsa tsakiyar gari a hankali, 'yan acaɓa na biye suna danna hon, mutane na fitowa daga shaguna suna kallo. An ce mini matashin nan bai ɗaga kai ba har suka isa.

A ofis aka ɗauko fom ɗin kamu. Layi na farko, irin abin hawa. Layi na biyu, lamba. Biro ya tsaya. Jami'in ya kira na gaba da shi, shi ma ya kira na gaba da shi, aka ce a bari sai gobe.

Ni da labarin ya iso mini dariya na yi har da riƙe ciki. Da la'asar na je gidan don in tsokane shi, na tarar da shi zaune a zaure, an ajiye masa abinci bai buɗe ba, hular kwano na gefe. Ya dube ni ya ce, "Uwargida, yau hukuma ta riƙe mini riga." Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba, ko ranar da aka yi masa rasuwa. A nan dariya ta ƙare mini, tausayinsa ya kama ni.

Washegari ya ɗauki tabarma da buta da tamfol ya tafi. Ya lulluɓe Baiwar Allah kada ruwa ya shiga inji, ya shimfiɗa tabarma a gefenta ƙarƙashin wani mangwaro. A rana ta biyu jami'an suka zo a hankali suka ce ya ɗauki abarsa ya tafi, an yafe. Ya ce to, a ba shi takardar saki. Suka ce ba za a iya rubuta takardar saki ba, tunda ba a rubuta ta kamu ba. Ya ce to a rubuta ta kamun. Suka ce ai ita ce ta gagara. Ya ce ba laifi, yana nan.

Kuma zaman ba na shiru ba ne. Tsohon mai sito ya ga fili cike da mashina da kekuna an jibge su ba tsari, ina zai iya haƙuri? Ya shiga jera su, na wannan wata daban, na wancan wata daban. Ya nemi a nuna masa littafin shige da fice, ya duba, ya ce da a ƙarƙashinsa suke da duk ya ba su takardar gargaɗi. Kafin mako ya cika, su ne ke aiko mini a makaranta cewa don Allah in zo in tafi da kakana.

A can Miri kuwa maƙwabta sun huɗe sun shuka, masara har ta fara leƙowa, gonar Baba ciyawa ce kawai ke shan ruwa. Daga gonar nan gidan yake ci. Dada ta daina tsokana, ta aike ni. Na je raina a ɓace, na ce masa mutanen nan sun ce ya tafi, damina ba ta jiran kowa, takarda za mu ci bana?

Bai yi fushi ba. Ya ce in zauna. Ya ce, "In na fita da ita yau ba takarda, gobe wani ya tashi ya ce Jibo ya sato kaya daga harabar gwamnati, da me zan kare kaina? Shekara talatin ban bar allura ta fita sito ba sa hannu ba. Sai yanzu da furfura zan fara, kuma da kayana?"

 Na zauna a tabarmar muka ci gyaɗa.

Rana ta tara Oga Bitrus ya dawo daga hutu. Ya ji labari, bai shiga ofis ba, ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarmar Baba. Ya daɗe yana kallon Baiwar Allah.

"Baba, na gane. Laifin ba na abin ba ne, na kwalta ne. Wannan abin gona ne. In bai taɓa kwalta ba, ba ruwanmu da shi, ba ya bukatar lamba."

Baba ya ce, "Rubuta."

Oga Bitrus ya shiga ciki ya jima. Ya fito da takarda guda da rubutun hannunsa, cewa wannan abu na Malam Jibrin ne, na gona ne, an sake shi, kuma kada ya hau kwalta. Ga sa hannu, ga hatimi shuɗi ya ɗan cakuɗe. Baba ya nisanta ta da ido ya karanta, ya matso da ita ya sake karantawa, ya daɗe a kan hatimin. Sannan ya ninke ta ya ce madalla. A ranar ya kai aka rufe ta da leda mai ƙarfi, ta shiga jaka.

Saura yadda za a kai ta Miri ba a taka kwalta ba. Oga Bitrus ya ce shi zai yi mata rakiya ta ƙarshe, a ƙarƙashin hukuma. Ya hau mashin ɗinsa a gaba, Baba na biye, har mashin ɗin ya yi zafi don rashin gudu, sai da suka tsaya sau biyu ya huce. Lokacin masara ya wuce, Baba ya shuka wake da gyaɗa. Wannan shekarar mun ci wake har ya fita ranmu, amma ba wanda ya isa ya faɗa a gabansa.

Baiwar Allah ta tare a Miri, a gidan Malam Haruna maƙwabcinsa na gona. Sai dai gidan yana wannan gefen titi, gonar tana wancan. Ku da kuke bin hanyar kun sha gani. Yana isowa bakin kwalta zai kashe inji, ya sauko, ya cire hular kwano, ya tsaya neman masu turi. A fatawarsa, in inji na kashe ba abin hawa ba ce, kaya ce, kaya kuwa ba a hana su tsallaka titi. Wannan ma sai da ya koma Oga Bitrus ya ƙara masa ita a wata 'yar takarda. Ba wanda bai tura Baiwar Allah ba: manoma, masu jiran mota, har wani mai babbar riga da ya tsaya sayen rake. In an tsallake ya yi godiya, ya mai da hula, ya tayar da inji. Shekara shida yana haka, safe da yamma.

Tun daga wannan takarda, sau ɗaya tak ta hau kwalta da inji a kunne. Wata rana ce a tsakiyar damina, tun hantsi ake sheƙa ruwa, Malam Haruna ya tafi cin kasuwa, naƙuda ta kama matarsa Asabe ta zo da gardama. Lungun ya zama taɓo, ba keke ko mota da za ta iya shiga. Baba yana fake a zauren gidan. Ya shimfiɗa tabarma a amalanke, aka kwantar da Asabe, mata biyu suka riƙe mata tamfol. A taɓo kam Baiwar Allah ba ta da na biyu, ta keta shi kamar tana huɗa. Suka iso bakin titi, ruwa ya hana kowa fitowa, motar da ta gifta ma ba ta tsaya ba. Ɗaya daga cikin matan ta faɗa mini cewa ya ɗan dakata, ya dafa ƙirjinsa daidai inda jakar take, ya yi bismillah, ya hau. Bai tsaya ba sai ƙofar asibiti. Kafin azahar Asabe ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace.

Washegari da sassafe ya biyo ta gidana ya ce in raka shi ofis, yana son shaida. Muka sami Oga Bitrus a tebur.

"Na zo kai ƙarar kaina," in ji Baba. "Jiya na hau kwalta da inji a kunne. Turakun lantarki talatin da ɗaya, na ƙirga. Zuwa ne kawai, dawowa turo ta muka yi."

Oga Bitrus ya tambayi dalili, na ba shi labari. Ya cire hularsa ya ajiye, ya tambayi lafiyar mai jego da jaririya. Baba ya ce suna lafiya, amma ba wannan ya kawo shi ba, a yanka masa tara a ba shi rasit.

"Baba, abin da na rubuta shi ne abin gona kada ya hau kwalta. Jiya ba abin gona ba ne. Jiya motar asibiti ne."

Baba ya jinjina kai, ka ga alamar maganar ta shige shi. Can ya gyara zama, ya zaro biro.

"To, ita motar asibiti wace takarda take bukata?"

Oga Bitrus ya kifa kansa a tebur. Ni kuwa fita na yi waje, don dariyar da ta taso mini ba ta ofis ba ce. Yarinyar an raɗa mata Fatima, amma duk Miri Ta-Kwalta ake ce mata, har yau.

Bara, bayan an kai amfanin gona gida, ya kwanta. Jinyar ba ta yi tsawo ba. Shekara biyu ke nan rabonsa da hawa mashin, amma a makon ƙarshe sai da ya aike ni na sabunta masa lasin, ya ce kada wa'adi ya riske shi da matacciyar takarda. Na je ina hawaye na sabunta, na kawo ya duba kwanan wata.

Ranar uku Oga Bitrus ya zo ta'aziyya. Ya yi ritaya, yana cikin farar kaftani, da ƙyar na gane shi. Ya zauna da maza a waje, sannan ya nemi a yi masa iso wurin Dada. Bayan gaisuwa ya ce akwai abin da ke damunsa shekara da shekaru. Ya ce takardar nan da ya ba Baba, babu hatimin ofis da ya dace da ita, kuma ba wanda zai ba shi. Da ya ga tsoho zai rasa damina, sai ya buga mata hatimin ƙungiyar adashin ma'aikatansu, ya murza shi don kada ya karantu. Ya ce ya yaudari mutumin da bai taɓa yaudarar kowa ba, a yafe masa.

Na shiga ɗaki na ɗauko jakar. Tun da ya rasu ba wanda ya iya buɗe ta. Na kwance robar. Ga lasin keke, ga katin akuya. Can ƙasa, a naɗe cikin ƙyalle, ga wani ɗan hoton Dada tana budurwa. Ta karɓa ta riƙe. Na zaro takardar Baiwar Allah, na juya bayanta, don Baba ba ya ajiye takarda bai yi mata bayani a baya ba. A ƙarƙashin ledar, da rubutunsa mai tsaye irin na masu sito, ga abin da ya sa tun ranar da aka ba shi:

"Hatimin na adashi ne. Sa hannun na mutumin kirki ne. Na karɓa."

Oga Bitrus ya karanta ya rufe fuska da hularsa. Muka yi ta kuka mu uku, ba mai rarrashin wani.

Baiwar Allah tana nan a Miri, Malam Haruna ke huɗa da ita, kuma in ya zo bakin titi kashe inji yake yi, ba wanda ya sa shi. Jakar tana wurina.

Allah ya jiƙan Baba Jibo, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Ya tsaya a kowane shinge a duniya ba tare da an tsayar da shi ba, Allah ya sauƙaƙa masa tsayuwar da ba mai wuce ta. Ya nemi takarda ɗaya ofis-ofis bai samu ba, ya Allah ka miƙa masa tasa a hannun dama. Amin.